Tambayoyin Masu Karatu: Yadda AutoCAD Zai Shirya Shafukan Bugawa da Kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zanen gine-gine ne, kuma da AutoCAD nake aiki. Zanen kansa ba ya gajiyar da ni kamar shirya shi domin bugawa, saboda a kowane aiki sai na buɗe sabon shafi, na zaɓi girman takarda da firinta, na sa akwatin bayani mai ɗauke da sunan aiki da lambar shafi, na yanka tagar kallo da zanen ke bayyana a cikinta a kan shafin, na daidaita sikeli, sannan na rubuta lambar shafi da kwanan wata da hannu, haka har shafi talatin. Wani abokin aikina ya ce in koyi AutoLISP, harshen rubuta shiri na cikin AutoCAD, wai shi ne maganin wannan wahala. Shin da shi ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarar abokin aikinka ba ta ɓaci ba, amma a ganina ya fara maka da abin da ya kamata ya zo daga baya. Mafi yawan abin da ka lissafa AutoCAD yana iya yin sa ba tare da ka rubuta ko layi ɗaya na shiri ba, matuƙar ka zauna sau ɗaya ka gina samfuri mai kyau. Wanda ya rubuta shiri a kan shafin da bai daidaita ba, kuskurensa kawai zai yaɗa cikin shafuka talatin.

Ka buɗe sabon fayil, ka shirya shafi ɗaya ga kowane girman takarda da kake amfani da shi, misali A1 mai milimita 594 da 841, da A3 mai milimita 297 da 420. A kowane shafi ka shiga PAGESETUP, ka ƙirƙiri saiti mai suna, kada ka tsaya a kan gyara saitin da shafin ya zo da shi. Wannan bambanci ƙarami ne a ido, amma a kansa aikin ya dogara, domin saiti mai suna ne kaɗai za ka iya jawowa cikin wani fayil da umarnin PSETUPIN, ko ka ɗora shi a kan shafuka da yawa lokacin bugawa. A cikin saitin ka zaɓi DWG To PDF.pc3 a matsayin firinta idan PDF kake miƙawa, ka zaɓi fayil ɗin CTB da ke ƙayyade kaurin layuka, sannan ka bar sikelin bugawa a kan 1:1. Shafin kansa a kan 1:1 ake buga shi kullum, sikelin zane kuwa a cikin tagar kallo yake zama. Ka sa tagar a kan leyarta ta daban (leya ita ce rukunin da ake ware sassan zane a ciki) wadda aka hana bugawa, domin kada gefenta ya fito a takarda. Da ka gama, sai ka adana fayil ɗin a matsayin DWT, wato fayil ɗin samfuri.

Akwatin bayani shi ne wurin da na fi so ka ba da lokacinka, domin a nan ne kurakurai masu kunyata mutum suke ɓuya: lambar shafi biyu iri ɗaya, ko sunan tsohon aiki da ya maƙale a kan sabo. Ka mayar da akwatin bulok, wato ka haɗe sassansa su zama abu guda, ka yi guraben rubutunsa da ATTDEF, kuma a maimakon rubutu na dindindin ka saka musu abin da umarnin FIELD yake samarwa, wato rubutun da ke ɗauko ƙimarsa daga wani wuri. Idan ka ɗaure gurbin lambar shafi da CTAB, wanda ke riƙe da sunan shafin da ake ciki, to duk lokacin da ka sauya sunan shafin daga A-101 zuwa A-102, akwatin zai bi shi da zarar an sabunta zanen. Haka kuma ana iya ɗaure gurbin sikeli da tagar kallo ta shafin, a ɗaure na kwanan wata da ranar bugawa.

Daga nan sai Sheet Set Manager, wanda ya zo tun a AutoCAD 2005, amma har yanzu masu zane da yawa ba su taɓa buɗe shi ba. Da umarnin SHEETSET ake kiran sa, kuma yana ajiye bayanan aikin gaba ɗaya a fayil ɗin DST. Sunan aiki da sunan mai ginin sau ɗaya za ka rubuta su a can, duk akwatunan bayanin da ka ɗaure da shi su ɗauka. Idan ka nemi sabon shafi, daga samfurinka zai ƙirƙire shi da lambarsa da takensa, ya gina maka jadawalin shafuka, kuma ya fitar da dukansu a PDF guda a jere. Shawarata ita ce ka bar shafi ɗaya a kowane fayil, domin mutum biyu ba sa iya gyara fayil ɗaya a lokaci guda. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne rabon AutoLISP.

Tambaya: Malam, ni injiniya ce, zanen hanyoyi da magudanan ruwa nake yi. Zanena dogo ne, ba ya shiga takarda ɗaya, sai na yi ta kwafar shafi ina jan kallon da hannu, kuma sau da yawa sai in ga wani yanki ya faɗi tsakanin shafi biyu. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, irin aikinki ne ya cancanci a rubuta masa shiri, domin lissafi ne da ke maimaita kansa. Ki fara da sanin faɗin filin da taga ɗaya ke ɗauka. Idan tagarki a kan A1 tana da faɗin milimita 750, to a sikelin 1:500 tana ɗaukar mita 375, a sikelin 1:100 kuwa mita 75 kacal. Ki zana akwatuna masu wannan girma a kan zanen asali, a leyar da ba a bugawa, ki jera su bisa hanyar, kowanne yana ɗan hawa kan na gabansa domin mai karanta zanen ya ga inda shafi ya haɗu da shafi. Da idonki za ki tabbatar babu yankin da ya faɗi, tun kafin a ƙirƙiri shafi ko ɗaya.

Aikin shirin shi ne ya bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya: ya kwafi shafin samfuri, ya ba shi suna na gaba, ya shiga tagar, ya kai kallon tsakiyar akwatin, ya sa sikeli, sannan ya kulle tagar. Kullewar nan wajiba ce, domin tagar da ba a kulle ba juyi ɗaya na linzamin kwamfuta yana ɓata sikelinta, kuma sau da yawa ba a ganewa sai takarda ta fito. Wajen sa sikeli ki kula da ma'aunin da kika yi zane da shi. Idan da milimita kika zana, 1/500XP a cikin umarnin ZOOM yana ba ki 1:500. Idan kuwa da mita kika zana, alhali shafin yana kan milimita, 2XP ne daidai, wato 1000 a raba da 500. Wannan shi ne wurin da masu zanen filaye suka fi yin tuntuɓe. Inda hanya ta karkata kuma, dole shirin ya juya kallon daidai da karkatar akwatin, in ba haka ba hanyar za ta fita ta kusurwar takarda.

Idan AutoLISP ya yi miki nauyi a farko, ki gwada fayil ɗin SCR, wanda rubutu ne kawai na umarnai a jere kamar yadda za ki buga su da hannu, ana kuma kunna shi da SCRIPT. Abu biyu ake kiyayewa a cikinsa. Umarnin da ke buɗe akwatin tattaunawa yana tsayar da shi, don haka ake sa masa ɗan layi a gaba, a rubuta -LAYOUT ko -PLOT. Sannan kowace tazara ko sabon layi daidai yake da danna maɓallin Enter, saboda haka tazara ɗaya da ta yi yawa a ƙarshen layi tana iya sa amsoshin su zame, kowacce ta faɗa wa tambayar da ba tata ba. Sai dai SCR ba ya lissafi, sai an ba shi lambobin tsakiyar kowane akwati a shirye, kuma ana iya haɗa layukan a Excel. AutoLISP, wanda ke cikin AutoCAD tun 1986, shi yana karanta akwatunan da kansa, kuma tun daga fitowar 2024 masu AutoCAD LT, wato ƙaramin nau'in AutoCAD, ma suna iya amfani da shi. Idan kuma ofishinku yana da Civil 3D, manhajar zanen hanyoyi da aka gina a kan AutoCAD, ki duba kayan aikinsa na fitar da shafuka kafin ki rubuta komai, domin yana jera akwatunan kallo bisa layin hanya, ya ƙirƙiri shafukan daga samfuri. Ko da wanne kika yi aiki, ki fara gwada shi a kan kwafin fayil, ki buga shafi ɗaya a takarda, ki auna wani tsawo da kika sani da rula.

Tambaya: Na sa FIELD a akwatin bayani, amma alamar #### nake gani a gurbin lambar shafi. Me ya lalace, Malam?

Amsa: Wannan alama tana nufin rubutun bai samu abin da aka ɗaure shi da shi ba. Idan da Sheet Set Manager ka ɗaure shi, haka zai riƙa nunawa a cikin samfuri, kuma ba laifi ba ne, domin samfurin ba shafi ba ne a cikin jerin shafukan aikin. Ka ƙirƙiri shafi daga cikin jerin, ka buɗe shi daga can, sannan ka buga REGEN domin sabunta zanen. Idan kuma 'yan layuka huɗu ka gani a maimakon alamar, to ɗaurin yana nan lafiya, gurbin ne ba a cika shi ba a bayanan shafin, sai ka koma can ka rubuta lambar.