Agogon da na haɗa da Arduino kullum sai ya yi baya, ina matsalar?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, na haɗa agogo da Arduino Uno, ɗan bod ɗin lantarkin nan da ake rubuta wa kod, ina ƙirga sakan da delay(1000), amma kafin gari ya waye sai in ga ya yi baya da mintuna. Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala biyu ce ta haɗe maka, ɗaya a kod ɗinka, ɗaya a jikin bod ɗin.

Ta kod ɗin ita ce mai sauƙi. Shi delay(1000) sakan ɗaya yake jira, to amma lokacin da aka ɓata wajen rubutu a kan allon LCD fa, ba ya ciki, kullum ana ƙara shi a kai, da haka kaɗan-kaɗan har ya taru. Koma millis(), mai ƙirga milisakan tun daga lokacin da aka kunna bod ɗin, kuma idan lokaci ya cika ka ƙara 1000 a kan tsohuwar lambar da ka ajiye, kar ka sake ɗauko sabon millis() ka zuba, nan ne mutane da yawa ke zamewa. Ka riƙa ɗebewa wajen kwatanta lokutan biyu, da unsigned long, wato nau'in babbar lamba da ba ta sauka ƙasa da sifili, don millis() yana komawa sifili bayan kusan kwana 50.

Amma gaskiya ko ka gyara wannan ba ka gama ba. ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar da ke kan Uno R3, da ɗan abin ba da bugu da ake kira rezoneta na seramik yake samun bugun 16 MHz ɗinsa, irin wannan kuwa kuskurensa na iya kaiwa kashi 0.5 cikin ɗari, ka lissafa da sakan 86,400 na kwana ɗaya, ka ga wajen minti 7 kenan in an yi rashin sa'a. Ga shi zafi da sanyi na canza shi, shi ya sa gyaran da za ka yi a kod yau gobe ba lallai ya yi daidai ba.

Ni dai shawarata ka nemi DS3231 kawai, ɗan guntun agogo ne na musamman da ake haɗawa da Arduino. Yana auna zafi da kansa yana gyara kiristal ɗinsa, kuskurensa kashi 2 cikin miliyan ne tsakanin digiri 0 zuwa 40, wato kamar minti ɗaya a shekara, kuma da ɗan batirinsa ko an ɗauke wuta yana ci gaba da ƙirga. DS1307, wani irinsa, ba ya wannan gyaran, kar araha ta ja ka. Ka haɗa DS3231 ɗin ta I2C, wato hanyar waya biyu, ƙafar SDA a A4 na Uno, SCL a A5, ka sa ƙafar SQW ta riƙa ba ka bugu ɗaya duk sakan ta fin na 2.