Rabin ƙwayar manya ba maganin yaro ba ne, ke ma ki ajiye ibuprofen

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Na karanta tambayarki sau biyu, hankalina bai kwanta ba. Kin ce yaronki ɗan shekara biyu yana zazzaɓi, an ce ki raba ƙwayar farasitamol ta manya biyu ki ba shi, ki haɗa masa da maganin mura na ruwa, ke kuma da cikin wata shida kina shan ibuprofen saboda ciwon baya. Babu uwar da ba ta san daren da jikin ɗa ya yi zafi rau ba, duk abin da aka miƙo mata karɓa za ta yi. Laifin yana kan wanda ya ba ki shawarar bai ko tambayi nauyin yaron ba.

Da nauyi ake auna maganin yaro. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, bayan awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce sau 4 a awa 24. Idan yaron kilo 12 ne, rabonsa miligiram 120 zuwa 180. Ƙwayar manya 500 ce, rabinta 250, kin ga tun daga nan an zarce. Ki ɗauko kwalbar maganin murar ki karanta bayanta da kyau. Da yawansu akwai farasitamol a ciki, an rubuta paracetamol ko acetaminophen, abu ɗaya ne. Sai yaro ya sha ninki biyu, uwa tana ganin magunguna daban-daban ta ba shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali game da farasitamol shi ne ɓarnarsa a ɓoye take farawa. Yaron da ya sha fiye da ƙima zai iya wuni yana wasa, ko ya ɗan yi amai a ce zazzaɓin ne. Sai bayan kwana biyu ko uku farin idonsa ya koma rawaya, ya riƙa kuka in an taɓa gefen cikinsa na dama, ya yi lamo ba ya ko ɗaga kai. A lokacin hanta ta riga ta ci wuya. Akwai makarinsa a asibiti, acetylcysteine, amma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. To ina mai cewa "ki raba biyu kawai" yake a ranar? Ba ya nan, uwa ce ke zaune bakin gado. Idan kin riga kin ba shi haɗin nan fiye da sau ɗaya, ki kai shi yau, ki tafi da kwalaben, ki faɗi lokacin da ya sha kowanne. Kada ki jira alama, kada kuma ki sa shi amai da gangan.

Farasitamol na ruwa za ki nema masa, ki duba ƙarfinsa. Mai miligiram 120 a cikin mililita 5, yaro mai kilo 12 zai sha mililita 5 zuwa 7.5. Akwai mai 250 a cikin mililita 5, kwalbar kusan iri ɗaya, wannan na manyan yara ne. Ki auna da sirinjin da ke zuwa a kwali, domin cokulan gida girmansu ba ɗaya ba ne. Ki rubuta lokacin a takarda, kada ki ba shi, babansa ya shigo shi ma ya ba shi. Farasitamol zafin jiki da ciwo kawai yake ragewa, ba ya maganin tushen cutar, don haka a je a gwada a gano abin da ya kawo zazzaɓin. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba, haka kodin ga ɗan ƙasa da 12.

Ke kuma, don Allah ki dakatar da ibuprofen daga yau, shi da diclofenac duk dangi ɗaya ne. Daga mako 20 suna iya taɓa ƙodar jariri, ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. Daga wajen mako 30 kuma suna iya rufe wata jijiyar jini kusa da zuciyarsa wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Kada ki firgita, ki je wajen awo ki faɗa musu tsawon kwanakin da kika yi kina sha, su duba ruwan da hoto. Farasitamol shi ne aka fi ba mai juna biyu, na ɗan lokaci, ba kullum ba. In ciwon bayan yana zuwa da zafin fitsari, zazzaɓi, ko yana murɗawa yana saki, wannan ba na maganin ciwo ba ne, na asibiti ne. Wadda kuma likita ya ɗora kan maganin farfaɗiya ko hawan jini, kada ta yanke shi da kanta don ta samu ciki, ta je a sauya mata wanda ya dace.

Ba ki tambayi wannan ba, amma ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki a wajen awo, ina kike ajiye su? Jajaye ne, masu santsi, yaro gani yake alewa ce, kuma sinadarin ƙarfen da ke cikinsu yana iya kashe ƙaramin yaro in ya haɗiyi da yawa. Shi ma yana da yaudara: amai da gudawa, sai yaro ya yi kamar ya warke, sannan ya rikice. Ki fitar da su daga jakar hannu da ƙarƙashin matashi, ki sa su sama inda ko ya taka kujera ba zai kai ba, ki kulle.