Hijirar Sarkin Musulmi Attahiru: Zan Iya Ƙaga Labari A Kan Kakanninmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta sha ba mu labarin wan mahaifinta da ya bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira lokacin zuwan Turawa. Ta ce ya ɗauki gafakarsa da butarsa, ya ɗora buhun gero a kan jaki, ya bar wa ƙanensa rumbu da gona, kuma ba su sake saduwa ba. Ina so in rubuta ƙagaggen labari a kansa, amma abin da na ji kaɗan ne. Ita ta ce Sarkin Musulmi ya isa Sudan, littattafai kuwa sun ce a hanya ya rasu. Idan na cike giɓin da tunanina, ban yi wa mamata ƙarya ba?
Daga wata ɗaliba a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki rubuta, domin labarin da kike riƙe da shi amana ne, kuma idan irinku ba su rubuta ba, zai bi tsofaffi kabari.

Ga abin da ba a taɓawa. Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Attahiru ya fita ya nufi gabas, jama'a suna barin garuruwansu suna bin sa. An gwabza sau biyu a Burmi, kusa da Bajoga a jiharku, a watan Mayu da kuma ranar 27 ga Yuli, kuma a karo na biyu ne ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ci gaba da sauran jama'a har bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Ina kyautata zaton kakarki ta haɗe uba da ɗa ne, kuma maganarta ba abin yarwa ba ce. Ki sanya ta a bakin wata tsohuwa cikin labarin, domin ta nuna yadda zukata suka kasa amincewa cewa Sarkin Musulmi ya faɗi.

Game da ƙarya, malamai da dama ba sa ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin ƙarya matuƙar mai karatu ya san ƙage ne, don haka ki bayyana hakan a farkon littafin. Kina da damar ƙaga hirar da aka yi a zaure daren tafiya, da ƙishirwar bazara a hanya, da kukan matar da aka bari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki sanya wa Attahiru ko wani malami sananne maganar da bai yi ba, musamman ta fatawa.

Inda na fi jin tsoro shi ne ƙanen da ya zauna. Marubuta sukan mayar da wanda ya tafi gwarzo, wanda ya zauna kuma matsoraci, alhali a wancan lokaci malamai da kansu sun saɓa a kan mas'alar. Wasu sun ga hijira ta wajaba, tun da ƙasa ta koma hannun waɗanda ba Musulmi ba. Wazirin Sakkwato Buhari kuwa ya zauna, ya yi sulhu, ya kuma rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana kafa hujja da halaccin sassautawa a zahiri idan an fi ƙarfin Musulmi, don kada a bar raunana ba mai tsaya musu. Mutumin da ya tsaya ya noma gonar nan, ya ciyar da tsohuwarsu da 'ya'yan wansa, shi ma Allah yake nema. Idan mai karatu ya rufe littafinki bai iya yanke wa ɗayansu hukunci ba, to kin yi wa kakanninki adalci.

Kafin ki fara, ki zauna da sauran tsofaffin dangi ki naɗi muryarsu, ki je Burmi da ƙafarki tun da kusa take, sannan ki leƙa Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Rahotannin Turawa za su ba ki ranaku da sunayen garuruwa, amma ki tuna cewa waɗanda suka harba bindigar ne suka rubuta su.