Guntun fensir a baiti na huɗu

'Yata, na karanta waƙar da kika aiko, da tambayar da kika maƙala a ƙarshenta. Kin ce in kin yi waƙa kan haƙƙin mata sai a ce kin killace kanki, in kuwa kin taɓo mutuwa ko yaƙi sai ƙawayenki su ce kin gudu kin bar su a fage. To wanne za ki kama?

Ɗauko takardarki tukuna. Baiti bakwai kika yi. Shida sun cika maƙil da "danniya" da "zalunci" da "'yanci". Amsa-amo ya zauna, kari bai karye ba, amma na karanta na wuce ko gezau. A baiti na huɗu na tsaya cak, inda uwa take ninke rigar makarantar 'yarta ranar da aka cire ta, ta laluba aljihu ta ci karo da guntun fensir. Wallahi sai da na ajiye takardar. Ɗango biyun nan sun yi fafutukar da ta gagari baiti shida, kuma duk wanda aka taɓa raba shi da abin da ya ƙwallafa wa rai, mace ko namiji, zai ji su a ƙirjinsa.

Magabatanmu a wannan sana'a ta nan suka bi. Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa, a ƙarni na 7, marsiyya ta yi wa ɗan'uwanta Sakhr, lokacin da kusan marsiyya ce fagen da aka fi sanin mata da shi. Ta ce fitowar rana na tuna mata da shi, faɗuwarta ma haka. Yau shekara fiye da 1,300, wanda ya yi rashi ya ji wannan ba sai an yi masa sharhi ba.

Anna Akhmatova kuwa, mawaƙiyar Rasha, bayan an kama ɗanta a 1938, wata 17 ta yi tana bin layi da sauran mata a ƙofar kurkuku a Leningrad. Wata mata a layin ta raɗa mata ko za ta iya siffanta abin da suke ciki, ta ce za ta iya. Ajiye waƙar da ta yi kan wannan layin a rubuce ganganci ne, don haka aminanta suka haddace, ana ƙone takardar. Sai a 1987 aka buga ta a Tarayyar Sobiyet. Daga layin iyaye mata ta hango mulkin Stalin, shugaban ƙasar a lokacin, gaba ɗayansa, ba ta matsa ko taku ɗaya daga inda take tsaye ba. Wannan labarin kullum yana sa ni tsuma.

Kada ki ji na ce ki sassauta murya. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta kai ilimi ga matan karkara ta hannun jajis, wato malamai mata da take turawa ƙauyuka, cikin Hausa da Fulfulde, kuma ba ta nemi afuwar kowa ba. In fushi ne ki yi fushin, amma ki ba shi hannu da fuska, ki ɗora shi kan abin da idonki ya gani. Taken gangami a takarda mutuwa yake yi da wuri.

Ki koma ki mai da baiti na huɗu ya zama mabuɗi. Ki soke kalmar "zalunci" duk inda ta fito, ki ga ko waƙar za ta tsaya da ƙafarta. Sannan ina so in san abin da uwar ta yi da fensirin, don ba ki faɗa ba. In kin gama ki kawo mini, mu rera ta tare mu ji inda numfashi ke yankewa.