Tambaya da Amsa: Kejin raga don kyanwowi a tsakar gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Kyanwowi biyu gare ni. Ɗaya ta dawo da rauni bayan faɗa da muzurun waje, maƙwabta kuma suna ƙorafi a kan 'yan tsakinsu. Ina so in yi musu wuri a tsakar gida, su sha iska ba sai sun fita ba. Yaya ake yinsa? Daga wata uwargida, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki jingina kejin da bangon ɗaki, kin rage gefe guda ke nan. Tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayi ƙafa 7 ya wadaci kyanwa biyu. Mun zaɓi wannan awo ne saboda ana samun ragar waya mai faɗin ƙafa 4, sai bakinta ya riƙa faɗawa daidai kan ginshiƙi.

A Kasuwar Katako kafinta zai samo katako 2x3 guda 6 na ginshiƙai, da 2x2 guda 8 na gicciye da ƙofa. Raga ƙafa 40, kwanon rufi ɗaya, siminti buhu ɗaya, fata (hinji) biyu ta ƙofa da sakata. Ragar ta zama ta waya mai walda wadda ba ta tsatsa, idonta inci ɗaya. In akwai 'ya'yan kyanwa, a nemi mai rabin inci; in kuma maciji na shigowa gidan, mai rubu'in inci.

A binne ginshiƙai ƙafa ɗaya da rabi cikin siminti. Kada a shafa wa katakon baƙin mai don gudun gara, ko da kafinta ya ce haka aka saba. Kyanwa tana goga jikinta da katako sannan ta lashe gashinta, guba ce a gare ta. In gara ta yi yawa, gara a kira mai walda ya yi da ƙarfe.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kyanwa ba ta fasa tsakiyar raga. Ta sama take fita, ko ta mahaɗa, ko ta ƙofa. Tana hawa raga kamar tsani, don haka dole a rufe saman gaba ɗaya, rabi kwano rabi raga. Kowane inci 4 a kafa ƙusa a lanƙwasa ta kan wayar, sannan a danne bakin ragar da siririn katako. Rashin wannan dannewa ne ke sa raga ta ɗaye bayan 'yan watanni, tsinin wayar kuma ya yanki tafin ƙafa. Inda katako ya haɗu da bango a duba da kyau: duk ramin da kanta ya shiga, jikinta zai bi. Daga ƙasa a binne raga ƙafa ɗaya saboda kare da gafiya masu tono. Ƙofa ta buɗe ciki, sakatarta a waje.

A ciki a kafa katakai biyu ko uku hawa-hawa, domin kyanwa tana son kwanciya a sama. Kwanon ruwa a inuwa, akwatin yashi nesa da abinci, a kwashe kashi kullum. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, akwai cutar da kan bi kashin kyanwa ta taɓa ɗan tayi. Sanyin Jos a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, sai a sa akwatin katako da tsohon bargo, bakinsa ya juya wa iska baya.

Tambaya: Ba zan iya amfani da ragar sauro ta taga ba? Ta fi araha. Daga wani magidanci, Bukuru.

Amsa: A'a, Malam. Farce yana keta ta nan take, ta roba kuma rana ce ke cinye ta har ta riƙa kakkaryewa. Ka kuma sani raga ba ta tare ƙuma da kaska, ba ta kuma maye gurbin allura. Kyanwa ta kai wata 3, a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare.