Tambayi Likita: Ciwon Hanta Ba Ya Sallama Kafin Ya Shigo

Tambaya daga wani ɗan kasuwar albasa a Mile 12 da ke Legas: Likita, na je ba matar ƙanena jini, aka ce ba za a ɗiba ba domin ina da ciwon hanta nau'in B. Ni kuwa lafiyata ƙalau, idona bai taɓa yin ɗorawa ba. Abokaina sun ce in sha jiƙon shawara. Me ka gani?

Alhaji, Allah ya saka maka da niyyar da ka yi, ita ce ma ta zama sanadin gano abin. Jin kanka garau ba ya ƙaryata gwajin. Hanta tana da haƙuri ƙwarai, sai ta shekara ashirin ƙwayar cutar tana cinta, ita kuma tana aikinta ba ƙorafi. Wurin da ya kumbura ya warke sai ya bar tabo, tabo a kan tabo, har hantar ta taurare ta ƙanƙance. Daga nan ne ake ganin ciki ya cika da ruwa, ƙafa ta kumbura, ko aman jini, wani kuma ya zarce zuwa sankarar hanta. Abin da ke ci mini rai a ɗakin duba marasa lafiya shi ne magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan'uwa za su rirriƙo, rigarsa ba ta rufe cikin, a hannun ƙanensa ga galan na jiƙo an sha rabi.

Ba kai kaɗai ba ne. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, mafi yawansu kuma ba su sani ba.

Jiƙon nan ka bar shi, don Allah. Shawara alama ce kawai, ido na iya washewa ƙwayar tana nan daram, kuma duk abin da ka haɗiya hanta ce ke tace shi. Ka tafi wurin likitan hanta a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH da ke Ikeja. Za a maimaita gwajin HBsAg, wato gwajin jinin da ke nuna ko akwai ƙwayar B, a auna yawan ƙwayar a jini, a duba aikin hantar, a yi hoton ciki. Ba kowa ake ɗorawa a kan magani ba, wani bibiya kawai yake buƙata duk wata 6 ko shekara. Wanda ya cancanta ana ba shi tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba ya kawar da cutar kwata-kwata, amma yana danne ta ya kare hantar. In ka fara kada ka daina sha don ra'ayin kanka, domin ciwon na iya tasowa da ƙarfi. Ka guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, gubarsu na ƙara haɗarin sankara. Iyalinka kuma duka a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi sau 3 cikin wata 6.

Daga wata baiwar Allah a Agege: Cikina wata 6, a wurin awo aka ce ina da nau'in B. Surukata ta ware mini kwano da kofi, ta ce ba zan shayar ba.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce mata tsoron da take yi wa jikanta daidai ne, amma ba ta kwano ake ɗauka ba. Ba a ɗauka ta cin abinci tare, ko musabaha, ko tari. Hanyarta jini ce, da saduwar aure, da lokacin haihuwa. Can ne ya kamata hankali ya koma, domin jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 cutar na zaune musu har girma, alhali babba da ya kamu yawanci jikinsa na korar ta. Don haka ki haihu a asibiti, a yi wa jaririn allurar rigakafi cikin awa 24 na farko, kada a ce sai bayan suna, sannan a cika sauran. Ki nemi a auna yawan ƙwayar yanzu, in ta yi yawa ana fara tenofovir daga mako na 28. Nono kuwa ki ba shi abinsa. Maigida ma ya je gwaji.

Daga wani matashi a Alaba Rago: Da gaske ne ana ɗauka wurin wanzami da masu yankan farce? Kuma nau'in C yana warkewa?

Da gaske ne, ɗan'uwa. Ƙwayar B na iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jinin da ke jikin aska, gogewa da tsumma ba ta kashe ta. Ka tafi da rezarka sabuwa, kaho da kaciya da cire beli ma a kula da kayan aikin. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma yana warkewa sarai: sofosbuvir haɗe da daclatasvir na mako 12 na warkar da sama da 95 cikin 100.

Daga wata uwa a Obalende: Bayan ambaliyar damina ɗana ya yi zazzaɓi, idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa kamar ruwan shayi.

Hajiya, ya yi kama da nau'in A, wanda shi da nau'in E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, kuma yawanci suna wucewa da kansu. Amma zazzaɓin cizon sauro da sikila ma na kawo ɗorawa, sai an gwada jini. Ki kai shi yau, kada ki yi ta ɗura masa farasitamol, ki riƙa tafasa ruwan sha. In kika ga yana yawan barci, ko ruɗewa, ko amai ba tsayawa, ko da tsakar dare ne ku nufi asibiti.