Yaya Birtaniya ke sauya firaminista ba tare da zaɓe ba?

Tambaya: A 2022 Birtaniya ta yi firaministoci uku, Boris Johnson da Liz Truss da Rishi Sunak, kuma ba a yi babban zaɓe ba. Wace irin dimokuraɗiyya ce wannan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, tushen maganar shi ne talakan Birtaniya ba ya zaɓen firaminista. Ranar zaɓe, sunayen masu neman wakiltar mazaɓarsa kaɗai yake gani a takardar ƙuri'a. Mazaɓu 650 ne, kowace da ɗan majalisa ɗaya a Majalisar Wakilai. Bayan an ƙidaya, Sarki ya kira wanda yake da goyon bayan mafi yawan 'yan majalisar, wato galibi shugaban jam'iyyar da ta yi rinjaye, ya ce ya kafa gwamnati. Shi kansa firaministan ɗan majalisa ne mai mazaɓarsa. Sunak ma Richmond ta yankin Yorkshire yake wakilta a lokacin. Dattawanmu sun san wannan tsari, don da shi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi mulki daga kujerarsa ta Bauchi har 1966, kafin Najeriya ta koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979.

To tunda a kafaɗar 'yan majalisa firaminista yake tsaye, ranar da suka zame, faɗuwa ta zo. Haka ta faru da Johnson. A farkon Yulin 2022 ministocinsa da mataimakansu fiye da 50 suka ajiye aiki cikin kwana biyu, shi ma dole ya sanar da saukarsa ranar 7 ga wata. Rinjayen da jam'iyyarsa ta Conservative ta samu a zaɓen 2019 yana nan daram, saboda haka sabon shugaba kawai ta nema. Ba sabon abu ba ne: John Major ya gaji Margaret Thatcher haka a 1990, Gordon Brown ya gaji Tony Blair a 2007.

Inda nake ganin tambayarka ta taɓo gaskiya shi ne yadda aka zaɓo Truss. 'Yan majalisar jam'iyyar sun tace 'yan takara zuwa biyu, kuma Sunak suka fi ba ƙuri'a. Amma hukuncin ƙarshe na masu katin jam'iyya ne, su kuwa suka ba Truss ƙuri'a kusan 81,000, Sunak kusan 60,000. Ka duba fa, ƙasa mai mutum sama da miliyan 65! Sarauniya Elizabeth ta naɗa ta ranar 6 ga Satumba a fadarta ta Balmoral da ke Scotland, kwana biyu kafin rasuwarta. Sai ga shugaba wadda yawancin 'yan majalisarta ba ita suka so ba, ta zo da shirin rage haraji wanda ba a taɓa kai shi gaban masu zaɓe ba. Da ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng ya gabatar da shi ranar 23 ga Satumba, darajar fam ta faɗi, kasuwanni suka rikice. Kwana 49 ta yi a ofis. Wannan, a ganina, aibi ne na gaske, kuma daga dokokin jam'iyya ya fito. Da aka zo maye gurbinta, an sa sharaɗin samun goyon bayan 'yan majalisa 100, Sunak kaɗai ya rage, ba a ma kai ga masu kati ba.

Duk da haka jama'a ba su rasa ta cewa ba. Majalisa ba ta wuce shekara biyar ba tare da zaɓe ba, kuma tana iya kayar da gwamnati da ƙuri'ar yanke ƙauna, kamar yadda aka yi wa firaminista James Callaghan a 1979 da ƙuri'a 311 da 310. Conservative kuwa ta gamu da hisabinta a Yulin 2024: kujeru 121 kacal ta tsira da su, jam'iyyar Leba ta Keir Starmer ta kwashe fiye da 400.